Na Ɗauki Gawar Musye Anselim

Abu na farko da na saya a ƙasar Faransa rigar sanyi ce ta mata. Wanda ya sayar mini da ita ɗan uwa ne, ko in ce haka ya kira kansa. A bakin tashar jirgin ƙasa ta Faris ya ji ina tambayar hanya da Faransancin Lome, sai ya yi mini sallama da Hausa. Wallahi har ƙwalla ta taru mini. Ya ce shi ma ya taɓa zama a Zongo, ya san layin masu goro, ya san masu sayar da koko a bakin masallaci. Ya dubi 'yar shigar da ke jikina ya girgiza kai.

"Ɗan uwa, da wannan za ka shiga sanyin Nasara? Gawarka za a mayar wa tsohuwa."

Ya zaro rigar daga jaka, mai ruwan ƙasa, da gashi a wuya. Na biya ban yi ciniki ba, ni da aka haifa a gidan 'yan kasuwa. Ba zan rantse ya yi niyyar cutata ba, domin rigar tana da ɗumi. Amma ina jin ya san abin da ya sayar.

Sunana Mumuni. A tsohon Zongon Lome aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina da fataucin goro. Na karanta tarihi a jami'a, na samu bursu, wato kuɗin karatu na gwamnati, don in je in ƙaro. A zamanin nan jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, ita ce uwa ita ce uba. Mu ɗalibai muna sa anko muna rawa da waƙa a filin taro duk sa'ad da aka ce a fito, kuma kowa ya san a cikin kowane aji akwai mai kunne. Kafin tafiyata da kaɗan aka kawo katafila aka rushe unguwarmu, aka kwashe mu zuwa arewacin gari, can cikin ciyawa, nesa da kasuwa. Ina tsaye na ga an bi ta kan murhun da mahaifiyata take dafa wake da shinkafa na sayarwa. Ba wanda ya ɗaga murya. Kawu Inuwa, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun rasuwar baba, abin da ya ce mini bai fi jimla ɗaya ba: "Ka je ka karanto abin da ba zai sa a kira sunanka a rediyo ba."

Daga Faris na wuce wani birni a yammacin ƙasar inda jami'ar take. Farfesan da aka ba ni dattijo ne mai fara'a, mai son Afirka ƙwarai, ɗakinsa cike da gumakan katako. Da na zauna ya tafa hannu.

"Kai ɗan Zongo ne? Na ji an rushe shi. To ai ga kundin digirinka a hannunka. Ka rubuta yadda aka yi."

Na yi tunanin Kawu, na yi tunanin masu kunne, domin a birnin ma akwai su cikin ɗalibanmu. Na ce, "Musye Farfesa, in ba laifi, watakila akwai wata hanya. Turawa da yawa sun zo unguwarmu sun yi mana tambayoyi, me muke ci, wa muke aura, ina kakanninmu suka fito. Ina ganin ko ni ma zan je wani ƙauyenku in yi irin wannan tambaya."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya riƙa kai ni ofis-ofis yana cewa ga ɗan Afirka mai ƙarfin hali. Ni kuwa abin da nake nema shi ne ƙauyen da tarihinsa ya mutu ya ruɓe, wanda ba mai tuhumata a kansa.

Ƙauyen da ya zaɓar mini zan kira shi Kan-Tudu. Ba sunansa ke nan ba, amma akwai waɗanda ke raye, kuma ban nemi izininsu ba. Motar haya ta sauke ni gaban wata coci ta baƙin dutse. Gidaje ba su da yawa, rabinsu a kulle, masu su sun mutu ko sun koma birni. Akwai kafe guda inda maza suke shan kofi da giya, akwai makaranta mai aji ɗaya. A tsakiyar fili an kafa dutse an rubuta sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi, sunan gida ɗaya sai ka gan shi a jere, uba da 'ya'ya ko wa da ƙanne. In ka juya ka dubi gangare, gonaki ne shimfiɗe har iya ganinka, ba itace ko ɗaya, kamar kan da aka yi wa aski. Shirun wurin ne ya fara ba ni tsoro. A Zongo ko rashin lafiya kake yi sai ka ji ana daka, ana faɗa, ana kiran salla.

Na sauka gidan wata bazawara, Madam Odil. Ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kan maɓallan rigata.

"Musye Mumuni, wannan ta matarka ce?"

"A'a, Madam, ba ni da mata."

"To ta wata ce dai." Ta shige ɗaki ta fito da rigar marigayi mijinta. "Sa wannan kafin mutanen kafe su gan ka. In sun sa maka suna, har ka mutu shi ke nan."

Ta ware mini tukunya da kasko waɗanda naman alade bai taɓa ba, ta ɗaura musu jan zare. Ban roƙe ta ba. Wannan ba zan manta da shi ba.

Gaisuwa ce ta fara ba ni wahala. Su kalma ɗaya suke jefa maka su wuce. Ni kuwa in na gamu da dattijo sai in tsaya in tambayi kwanan gida, da iyali, da shanu, da gajiya. Wani manomi mai suna Musye Gaston ya saurare ni har na kai kan shanu, sai ya ce, "Kai daga ofishin haraji kake?" Daga ranar na rage, amma ban iya dainawa ba.

Magajin garin, Musye Ferna, babban manomi ne mai tarakta biyu, ƙato, mai jan wuya. Shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin sama na ofishin gari, inda aka tara tsofaffin littattafai na haihuwa da mutuwa da filaye da zaman majalisa. Duk aikina a ɗakin nan yake. Kowace safiya in je ya miƙo mini mabuɗi, da yamma in mayar. Yana son ba da tarihi. Ya gaya mini yadda wasu masu ibada suka sare daji suka kafa cocin, yadda wani basarake ya mallaki tudun da mutanensa, yadda a lokacin juyin juya hali mutanen gari suka sauke ƙararrawar coci suka nutsar da ita cikin kududdufi don kada a narka ta a yi igwa. Na tambaye shi me ya sa gonaki ba itace.

"Zamani ne ya zo. A da gonakin ƙanana ne, kowace da shingenta, tarakta ba ta iya juyawa. A zamanin mahaifina, shi ne magajin gari a lokacin, aka haɗa su aka sake rabo. Kowa ya amfana." Ya miƙo mabuɗi. "Ƙararrawar nan, ita ce labari."

Na yarda da shi da zuciya ɗaya. Na duƙufa a kan ƙararrawa. Duk wanda ke cikin labarinta ya daɗe da zama ƙasa, ba mai kai ƙarata.

Haka na ci hunturu. Ina salla ni kaɗai a ɗaki, ina kwatanta alƙibla da hasumiyar coci. Babbar Salla ta same ni a ɗakin sama ina hura hannu, ina tuna yadda muke gangarawa Bagida bayan an ci nama, mu zauna bakin teku muna kallon masunta suna jan koma. Wani lokaci warin kifi mai hayaƙi yakan zo mini a hanci, alhali ba kifi a garin. Na rame, amma aiki yana tafiya, Farfesa yana yabo.

Wata safiya, sanyi ya fara sauƙi, ina kan hanyar ofis sai na ji ƙararrawa tana bugawa a hankali. Na ga duk tagogin layin an ja marufansu na katako. Na ce a raina, ashe haka suke girmama mamaci. Baƙar mota ta fito daga gaban coci tana tafiya kamar ba ta so. Fada, limamin cocin, yana gaba, a baya tsohuwa guda, 'yar ƙarama, da sanda. Ban da ita ba kowa.

A nan dole in yi bayani. Mu a Zongo, in makara ta wuce ba a tambayar ta wane ne. Mai shago yakan bar shagonsa, mai wanki ya bar wankinsa, a bi, kowa ya sa kafaɗa ya ɗan taka ya ba wani. Baƙon da ya sauka jiya ya mutu yau, da jama'a ake kai shi. Na san akwai malaman da za su ce gawar wanda ba Musulmi ba daban ce, ba kuma zan yi jayayya da su ba. Amma a Lome maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Mina, da ba Musulmi ba, suna zuwa mana gaisuwar mutuwa, mu ma muna zuwa musu. Ƙafata ce ta bi motar kafin kaina ya yi shawara.

Maƙabartar tana da matakala a ƙofa, mota ba ta shiga. Masu motar su biyu ne, sai mai haƙa kabari. Akwati kusurwa huɗu, mutum uku. Suka tsaya suna duban juna, tsohuwar tana duban ƙasa. Na ajiye jakata a kan katanga na sa kafaɗa. Mamacin ba shi da nauyi. Da aka saukar da shi na ɗebi ƙasa da hannu na zuba, na koma gefe har fada ya gama.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Madam Odil tana tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

"Ka san wa ka ɗauka?"

"A'a, Madam."

"Wayyo Allah. Zauna."

Sunansa Anselim. Lokacin da aka zo sake rabon gonaki, shi kaɗai ya ƙi sa hannu. Gonarsa ƙarama ce amma tana bakin rafi, shingenta duk itatuwan tuffa ne da kakansa ya dasa. Ranar da aka kawo katafila ya je ya tsaya a gabanta, sai da jandarmomi suka ɗauke shi. Ya kai ƙara kotu, ya ambaci sunan mahaifin Musye Ferna da wasu manya, ya ce sun yi rabon ne don ƙasar bakin rafi ta faɗo hannunsu. Shari'a ta ja, tallafin da gwamnati za ta ba gari ya makale, kowa ya ji a jikinsa. A ƙarshe ya faɗi. Tun daga nan ba mai gaishe shi, ba mai sayen madararsa, in ya shiga kafe sai a yi tsit. Yaran da aka haifa bayan abin ma sun gaji shirun.

Katafila kuma! Na tsallake teku don in guje mata, ga ta ta riga ni zuwa.

"Ka lafe kwana biyu," in ji Madam Odil. "Za su ce baƙo ne, bai sani ba."

Shawara ce mai kyau, irin wadda ni kaina nake ba mutane. Amma wanda ya ɗauki gawa bai je gaisuwa ba, me zai ce wa tasa mahaifiyar in ya koma gida? Washegari na dafa wake da shinkafa a tukunyata mai jan zare, na rufe da tawul, na gangara ƙarshen gari. Tsohuwar, Madam Berta, matar marigayin, ta buɗe ƙofa kaɗan.

"Me kake so?"

"Ba komai, Mama. Na zo zama ne."

"Zaman me?"

"A garinmu ba a barin mai makoki shi kaɗai har kwana uku."

"Ni ba uwarka ba ce."

"Haka ne, Mama."

Ta dube ni, ta dubi tukunya. Ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe. Muka zauna a kicin, agogon bango yana ta aikinsa. Ba ta yi magana ba, ni ma ban yi ba. Ta ɗanɗani abincin ta ce barkono ya yi yawa, ta cinye. Na dawo washegari, na dawo rana ta uku.

Ranar da na koma ofis, Musye Ferna bai miƙo mabuɗi ba. Ya sa shi a kan tebur ya ɗora yatsa a kai.

"Musye Mumuni, mun karɓe ka hannu biyu."

"Ƙwarai, Musye Magajin Gari, na gode."

"Mutumin nan ya kira mahaifina ɓarawo a gaban alƙali. Mahaifina ya mutu da wannan a ransa. Ni na san ba ka san komai ba. Ran Lahadi bayan coci ka shigo kafe, kowa yana nan, ka ce kuskure ne, ba ka san gawar wa ba ce. Ka daina zuwa gidan can. Shi ke nan, mu koma kan ƙararrawarmu."

Abin da ya nema ba ƙarya ba ce. Ban sani ba ɗin. Na buɗe baki don in ce to, domin duk rayuwata da "to" na tsira. Na ji muryata tana cewa:

"Gaskiya ne ban sani ba. Amma, ka yi haƙuri, ina jin ko da na sani, da na ɗauka. Akwatin kusurwa huɗu gare shi."

Ya ja aljihun tebur ya jefa mabuɗin ya rufe.

Na hau mota na koma birni wurin Farfesa. Ya ce abin ban sha'awa ne ƙwarai, amma kundi ba ya tsayuwa ba tare da takardun tarihi ba, kuma ƙarshen shekara dole ya ba da rahoto a kaina. Ya ce in je in ba da haƙuri, ai ba tsada. Kuskuren da na ƙara shi ne na ba wasu ɗalibanmu labari a ɗakin cin abinci. Ba a jima ba wani mutum daga cikin masu kula da ɗalibai ya neme ni. Ɗan ƙasarmu ne, mai laushin murya, ya saya mini kofi.

"Ƙanena, mun ji ka shiga rigimar filaye, kana goyon bayan masu yi wa hukuma taurin kai."

"Yaya, jana'iza ce kawai."

"Haka ake farawa. Gwamnati ta aiko ka karatu ne. Wanda aka yanke wa bursu, in ya sauka Lome akan so a ji dalili. Kana da tsohuwa, ko ba haka ba? Da Kawu Inuwa." Ya yi murmushi. "Ka gyara."

Ban taɓa gaya masa sunan kawuna ba. Na hau motar komawa Kan-Tudu. Na tsara kalmomin ban haƙuri, na gyara su, na sake gyarawa. Ran Lahadi na sa riga na nufi kafe. Na kai har ƙofa, ina jin hayaniyarsu. Na tuna yadda muka tsaya a Zongo muna kallo, manya da yara, malamai da alhazai, kowa hannu a ƙirji. Na ga in na shiga ɗakin nan, zan sake tsayawa irin waccan tsayuwar, wannan karon kuma ba soja ko ɗaya a kaina. Na wuce kafe na gangara gidan Madam Berta.

A ranar ce ta fara magana. Ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta. Muka shiga tsakiyar gonar Musye Ferna, alkama ta fara tsiro, tana tafe tana nuni. Nan shingen tuffa ya bi. Nan wata 'yar hanya ta ratsa zuwa rafi, inda Anselim ya fara tare ta suna saurayi da budurwa. Kowace 'yar gona da sunanta, ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, Gonar Makaho, Gonar 'Yan Mata, Bayan Rijiya. Ni ba abin da nake gani sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Haka mahaifiyata take yi in mun wuce filin tsohon Zongo a mota, ta nuna tsakiyar fili ta ce nan ne ɗakina. Na ce, "Mama, kin yarda in rubuta?" Ta ce, "In ba ka rubuta ba me ka zo yi?"

Daga tudu ana hango duk wanda ke cikin gonakin nan. Baƙin mutum da tsohuwa mai sanda kuwa ba sa ɓoyuwa. Mun yi haka 'yan makonni. Wata rana Musye Gaston, mai zargina da haraji, ya tsayar da taraktarsa ya sauko yana huci.

"Kai, ɗan haraji! Me ta ce maka a kan rijiyar?"

Na nuna masa wurin.

"Ƙarya take yi! Rijiyar can take, gonar ubana ce, ni na faɗa cikinta ina yaro!"

Madam Berta ta ce, "Da an bar ka a ciki."

Wannan ce magana ta farko da ta shiga tsakaninsu tun suna da baƙin gashi. Suka yi ta musu a kan rijiyar da babu ita, ni ina rubutu. Da yamma Musye Gaston ya aiko a ce in zo, akwai sauran gyara.

Ashe abin da ba za su iya jurewa ba shi ne a rubuta tarihin garinsu da bakin Berta kaɗai. Suka fara zuwa, wani da safe, wani ta ƙofar baya, kowa yana cewa shi ba ruwansa, gyara ɗaya kawai zai yi. Mai gyara ɗaya sai ya kai azahar. Wasu sun ce rabon ya cece su, da ba a yi ba da yunwa ta kore su birni, kuma na ga alamar gaskiya a maganarsu. Wasu sun ce sun san an cuce su, sun sa hannu ne don kowa ya sa. Madam Odil da kanta, tana feraye dankali ba ta dube ni ba, ta ce mijinta ya yi kuka ranar da aka tumɓuke shingensu, ya kuma hana ta gaishe da Berta a ranar.

Ana cikin haka aka yanke mini bursu. Ba a faɗi dalili ba. Na kwana biyu ban ci abinci ba. Musye Gaston ya ce shanunsa ba su damu da takardar gwamnati ba, in zan iya tashi da asuba. Na koyi tatsa, na koyi kwashe kashin shanu, hannuwana suka tsattsage. Madam Odil ta ce in bar zancen kuɗin haya, ɗakin ai dama a rufe yake zaune.

Da kaka ta zo Musye Ferna ya shigo kicin ɗinta da rana tsaka, bai cire hula ba. Ya ajiye mabuɗin gabana.

"Komai yana cikin littafin majalisa. An bi doka. Ka karanta, ka bar tatsuniyar tsofaffi."

"Zan karanta, na gode. Amma ba na jin zan bar nasu."

"Mahaifina ba ɓarawo ba ne."

"Ban ce shi ne ba. Kowa ya gaya mini nasa, saura kai. In ka ga dama ka zauna ka gaya mini wane ne shi."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja kujera. Ya ba ni labarin mahaifinsa, mutumin da ya dawo daga zaman fursunan yaƙi ya tarar da gari yana mutuwa, ya rantse 'ya'yansa ba za su yi noma da doki ba. Na tambaye shi zancen ƙasar bakin rafi. Ya ce, "Wani dole ya same ta." Na rubuta haka, kalma da kalma, na karanta masa. Ya ce in bar shi yadda yake.

Kundin ya fita da takardu da bayanan baka, ƙararrawa ta samu shafi biyu. Malaman da suka saurare ni sun yi gardama a kansa, amma sun ba ni digirina. Madam Berta ba ta iya karatu sosai ba saboda ido, ta sa na karanta mata wurin da sunan mijinta ya fito, ta ce in maimaita.

Na sauka Lome, kafin in gama gaisawa da mutanen sabon Zongo aka aiko kirana. Kawu Inuwa ya raka ni har bakin wani ofishi a unguwar Nyekonakpowe, yana ta ja mini kunne in ce to, in ce na tuba. Na san aikin gwamnati ya riga ya wuce ni, abin da ya rage shi ne ko zan kwana gida. Jami'in yana da takarda a gabansa da alƙalami a hannu. Ya tambaye ni me ya sa aka yanke mini bursu.

"Ina jin saboda na ɗauki gawa ne, Musye."

"Gawar wa?"

Ina iya cewa ta wani tsoho.

"Ta wani manomi da aka zo rushe masa wuri, ya tsaya gaban katafila."

Alƙalamin ya tsaya. Magatakardan da ke gefe ya daina buga tafireta. Jami'in ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya rage murya.

"Wannan ba zan rubuta shi ba. Tashi ka tafi."

Na miƙe. Na ce, "Ba komai, Musye. Ni na riga na rubuta."